Abin da na tono a bayan salansa

Jama'a, yau na gano abin da ya ƙone janareto, kuma ba laifin waya ba ne!

Da hantsi aka kira ni injin casar shinkafa da ke hanyar Zurmi, tunda gyaran janareto ne sana'ata. Babban nasu ya kama wuta, da ƙyar aka kashe ta da yashi. Ina isa na iske manaja yana ta yi wa Malam Isiya faɗa, dattijon da ya daɗe yana kula da injin.

"Baba, sakacinka ne! Daga yau ka bar aikin nan."

Malam Isiya ya ce, "Wallahi Alhaji, ban taɓa komi ba."

Na ce a dakata in duba. Wayoyi lafiya lau. Bututun dizal ba ya yoyo. Sai na leƙa bayan salansa, inda wutar ta fara. Ga tokar yadi tuli! Na sa ƙarfe na tona, sai ga makullin mota.

Na ɗaga shi na ce, "Wanga na wane ne?"

Manaja ya shafa aljihu. Ba makulli!

Ashe ruwan safe ne ya jiƙa mishi babbar riga, ya shanya ta bisa salansa da makullin a aljihunta, aka kira shi ofis ya manta.

Can ya ce, "Baba, yi haƙuri, koma bakin aikinka."

Malam Isiya ya dubi ƙonannen ƙarfen ya ce, "To Alhaji, da wane injin?"