Ƙwan Agwagwar Inna

A daminar da mahaifiyata ta faɗi ta kwanta jinyar ƙugu, babur ya take agwagwarta a lungunmu na Ƙofar Dumi. Ta fito neman ruwa ne da hantsi, ta bar ƙwai goma sha ɗaya a bayan randa, inda take kwanci. Ita ce ta ƙarshe a zuriyar agwagin da Inna ta zo da su daga ƙauyensu tun kafin a haife ni. Da na gaya mata, ba ta tambayi wanda ya take ta ba.

"Ƙwan fa?" ta ce. "Kada ka bari su huce."

Na zaga maƙwabta neman kaza mai kwanci, ban samu ba. Sai na lulluɓe ƙwan da bargo, na hau keke zuwa Wunti, shagon wani ɗan kudu mai sayar da abincin kaji. A wurinsa na sami injin ƙyanƙyasa, akwatin roba mai murfin gilashi, da wata jar lamba a gaba da ke nuna zafi.

"Malam, agwagwa na gida kwana talatin da biyar ne, ba kamar kaza ba," ya ce. "Kullum ka juya shi sau uku. In ya rage kwana uku, ka bar juyawa, ka ƙara ruwa, kar ka buɗe. Uwan ya yi kwana nawa a kai?"

Ban sani ba. Na yi ta wuce agwagwar nan safe da yamma, ban taɓa lura da ranar da ta fara kwanci ba. Inna ma ciwo ya rikita mata kwanaki. Ta ce ko sati biyu, ko uku.

Da na dawo gida na ga ƙwan duk taɓo da kashi, injin kuwa sabo fil. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya da sabulu a bakin famfo, na goge da tawul, sannan na jera su a ciki.

Daga nan rayuwar gidan ta koma kan jar lambar. In hadari ya taso, a ɗauke wuta. Batirin da na haɗa wa injin yana riƙe awa huɗu, daga nan sai matata ta cika kwalabe da ruwan zafi ta kewaye akwatin. Ina gidan rediyon da nake aiki, minti biyar kafin labaran rana, zan kira ta ta karanta mini lambar. Ko lambar ta sauka, babu abin da zan iya yi daga can. Duk da haka ina kira.

Bayan mako guda Inna ta ce a kawo mata ɗaya ta gani. Ta murza shi da babban yatsa, ta sake murzawa.

"Wannan ai ya yi fes. Wa ya wanke?"

"Ni ne, Inna."

"Da sabulu?"

"Da sabulu."

"Ɗan boko ke nan. Maiƙon jikin uwarsu ka wanke, shi ke tsare su." Ta miƙo mini ƙwan da hannu biyu, ta juya fuskarta bango.

Na kira mai shago ko akwai gyara. Ya yi dariya. "Ka yi masa wanka? Saura ka shafa masa mai ka sa masa riga." Da ya ji ban yi dariya ba, ya ce babu gyara, sai dai jira.

Ya koya mini haska ƙwai. Da tsakar rana nakan rufe tagogin ɗaki, in ɗora ƙwai a bakin tocila. Bakwai babu komai a cikinsu sai ruwa mai yawo, biyu ma sun fara wari, na fitar da su duka. Huɗu na da duhu a ciki, duhun yana motsi. Waɗannan na ci gaba da juyawa, kullum ina tunanin ko yau ce ranar da ya kamata in daina. Na daina wata Asabar, ba don wani dalili ba sai don dole a zaɓi rana. A kwanakin da suka biyo baya uku suka bar motsi.

Na huɗun ya tsage bayan sallar azahar. Tsaga ce ƙarama, sai ga ɗan baki ya leƙo, yana buɗewa yana rufewa. Mai shago ya ce kada in taɓa, zai iya kai kwana biyu. Na tambayi Inna ko a taimaka masa.

"Ban sani ba," ta ce. "Ni ban taɓa ganin wannan wurin ba. Uwar ce ke rufe shi, sai dai mu ga sun fito."

Washegari da hantsi ramin bai ƙaru ba, tantanin da ke gefensa ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Na ɗaga murfin, na ɓanɓare ɓawon da bai kai rabin farce ba. Jini ya tsattsafo. Na jiƙa wurin da auduga, na rufe, na ja kujera na zauna. Na ƙirga numfashinsa da agogo, sau goma sha biyu a minti, daga baya takwas. Kafin la'asar bakin ya tsaya a buɗe.

Na kai wa Inna shi a tafin hannu. Ta sa aka tayar da ita zaune, ta ɓare sauran ɓawon da kanta, a hankali, har ɗan ya fito a dunƙule. Baƙi ne, ƙirjinsa rawaya, komai nasa ya cika, har fatar tsakanin yatsu. Ta goge shi da gefen zaninta, ta daɗe tana dubansa.

"Ya kusa," ta ce. "Je ka kashe injin nan haka."