Jibo Maƙeri da Farantin da Aka Juya Gabas

Da hantsi, kafin ya hura wutar maƙera, Jibo kan zagaya bayan ɗakin shan magani na ƙauyensu a kwarin Tarka, ya duba farantin hasken rana. Ya girgiza ƙafafun ƙarfen da ya ƙera masa, ya ja baya ya kanne ido ɗaya, ya tabbata yana fuskantar kudu, a ɗan kishingiɗe. Farantin ne ke ba firijin allurar rigakafi wuta. Daga nan sai gidaje ƙalilan da ke da irinsa. Haka Jibo yake yi tun farkon shekarun 1980, ba albashi, ba hular aiki.

Wata damina ya tafi kasuwar Belbeji, iska ta kayar da farantin. Mutanen gari, Allah ya saka musu, suka taru suka ɗaga shi, suka miƙar da shi ƙyam yana kallon gabas. Ai daga can rana take fitowa, in ji su, ga albarkar alƙibla kuma. Kafin azahar rana ta juya masa baya, firiji ya fara ɗumi. Hankalin Fatu malamar asibiti ya tashi, don makiyaya za su kawo yaransu allurar ƙyanda kafin su hau arewa, kuma in suka tafi sai kaka.

Jibo ya dawo a gajiye, ko ruwa bai sha ba. Bai tsawata wa kowa ba. Ya saita farantin, ya kafe ƙafafunsa da turaku, sannan ya ce wa dattawan: "Wannan ba salla yake yi ba, kiwo yake. Ku bar shi inda zai wuni yana ci."

Suka yi dariya, suka kuma gane. Allura ta tsira. Dado, wadda ƙyanda ta ci mata yara biyu a shekarar fari, ta kawo autarta aka yi mata.

Jibo, na maƙera sha zafi, kai ne ka tsaya wa yaran da ba su ma san sunanka ba. Yau gwiwa ta ƙi, ka miƙa aikin ga Mahmudu ƙanenka. Mun gode, Allah ya sa ka gama lafiya. Wanda duk aka ba amanar kayan jama'a, ya riƙe ta kamar Jibo. Autar Dado kuwa tana nan da ranta, har ta fara kora awaki.