Malam Ɗanjumma mai kiran dila, da abin da suka ɓoye mini

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsaye gaban murhu ina dama koko. Malam Ɗanjumma maharbi ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yi haƙuri da rubutun. Amma ku karanta har ƙarshe, don ba ta'aziyya kaɗai na zo yi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin wajen Tozai ne, abokin marigayi maigidana tun suna samari. Shekara tara ke nan da rasuwar maigidan, kuma Malam bai taɓa shigowa Illela ranar kasuwa ya koma bai tsaya ƙofar gidana ba. Ba ya wuce zaure. Zai yi sallama, ya ajiye ƙwan zabi a ƙwarya ko zuma a gorar lemo, ya ce, "A ba yara."

Yaran nan har sun yi gemu, shi dai a ba yara.

Kun san ni, ba na tauna magana. Na sha yi masa faɗa kan taba. Na sha yi masa faɗa kan yawon daji a zamanin da daji ya lalace. Sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, bokonki na gani, amma mi kinka sani ga daji?"

Bara diloli suka addabe mu a gonarmu ta wajen Tozai. 'Ya'yan awaki huɗu suka ɗauke mini cikin wata guda. Ɗana Sanusi ne ke kula da gonar, magidanci ne da mata da ɗiya guda, amma ya rasa yadda zai yi. Sai na kai kuka wurin Malam.

A nan zaurena ya nuna mana sana'arsa. Ya tsago ganyen kaba siriri, ya matse shi tsakanin manyan yatsunsa biyu, ya busa. Wallahi kukan ɗan akuya ne da aka danne. Akuyata da ke ɗaure a cikin gida sai da ta tsinke igiya. Ya ce da wannan kukan ake jawo dila har gaban bindiga.

Tun daga ranar Sanusi bai sake maganar komai ba sai kiran dila.

Na hana. Na ce ban kai shi makaranta ba don ya zauna cikin sabara yana kukan akuya. Malam ya zo da kansa ya roƙe ni. "Bar shi ya koya, Hajiya. Haƙorana sun fara zuba, kiran ba ya fita kamar da. In na tafi, wa za ya tsare muku bisashe?"

Na yarda, kuma zan faɗi gaskiya, na ga amfani. Wata uku Malam bai bar Sanusi ya taɓa bindiga ba. Ba sa fita sai sun yi asuba cikin jam'i. Yaron da na yi ta fama da shi kan zaman majalisa, sai ga shi yana kwanciya da wuri, yana tashi kafin ladan.

Da yamma in muna cin tuwo yakan faɗa mini abin da aka koya masa. A zauna baya jingine da itace. A watsa ƙasa sama a ga inda iska ta nufa. A yi kira kaɗan, a yi shiru mai tsawo. Ya ce lafiyayyen dila ba ya zuwa kai tsaye, sai ya zagaya ta inda iska za ta kawo masa warin mutum.

Ganina na ƙarshe da Malam mako biyar ke nan. Ya kawo zabuwa guda, hannunsa na dama naɗe da tsumma.

Na ce, "Malam, mi ya samu hannu?"

Ya ce, "Ƙaya ce, Hajiya."

Na ce ƙaya ma ana kai ta asibiti, ya daina taurin kai irin na tsofaffi. Ya yi 'yar dariyar nan tasa. Har ya juya sai ya tsaya ya ce, "Ɗanki ya iya kira. Ya fi ni." Na ce to ya fi ka a sallar dare ma mu gani. Wannan ce maganata ta ƙarshe da bawan Allah. Faɗa.

Makon jiya muka ji yana zazzaɓi. Sanusi ya je gaishe shi, ya dawo bai ci abinci ba. Na ɗauka tausayi ne.

Ƙanen matar Malam ne ya kira ni a waya yau. Bayan ya faɗi rasuwar, na tambayi abin da ya same shi. Ya ce su ma ba su gane ba. Kwana uku bai sha ruwa ba. Yana jin ƙishirwa, amma da an kawo moɗa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ta yana ihu. Sun ɗauka iska ce, aka yi ta tofi.

Nan na tuna wani abu. A sakandare an koya mana ciwon da ke sa mutum tsoron ruwa. Haukan kare.

Na ce, "Kare ya cije shi?"

Ya ce a'a, ba su ji ba.

Na ajiye waya. Sanusi yana zaune a tsakar gida, ya ji komai. Na ce, "Sanusi, dubi idona. Mi ya ciji Malam?"

Ya kau da kai. Na sake tambaya. Sai ya fashe da kuka, magidanci, a gaban matarsa.

Ya ce abin ya faru mako shida da suka wuce, ranar da Malam ya fara barin sa ya yi kira shi kaɗai. Gari ya waye sarai. Sanusi ya busa sau biyu, sai ga dila ya taho a miƙe, bai zagaya ba, bai tsaya ba, miyau na zuba daga bakinsa. Malam ya ɗana bindiga ta ƙi tashi. Dilan ya yi kan Sanusi. Malam ya jefar da bindiga, ya tura hannunsa a bakin dabbar, ya danne ta har Sanusi ya samu sanda.

Tsoho ɗan shekara sittin da wani abu ya ba dila hannunsa don kada ya kai ga wuyan ɗana. Wannan ina so kowa ya sani.

Amma ga sauran. Maimakon asibiti, albarushi ya zuba a ciwon ya ƙyasta ashana, irin yadda suka gada. Sannan ya sa Sanusi ya yi masa alkawari. Wai ya ce, "In da kura ce sai in nuna ma kowa. Amma dila? Shekara arba'in ina daji, a ji dila ya cije ni? Maharba za su sa ni waƙa ranar taro, har jikokina su ji. Kada ka faɗa ma kowa, ko Hajiya. Musamman Hajiya."

Na ce wa Sanusi, "Kai fa?"

Sai ya cire agogon hannunsa. Agogo mai faɗin maɗauri da ya saya kwanan nan, har na yi masa faɗan almubazzaranci. A ƙarƙashi akwai tabo biyu, inda haƙori ya karce shi.

Na kama hannun na duba.

Ya ce, "Inna, ya warke. Ƙarzanewa ce kawai." Na ce na Malam ma ai ya rufe. Ya ce alkawari ya ɗauka, ba zai tona asirin malaminsa a ranar da za a rufe shi ba. Na ce alkawarin da zai mai da ɗiyarka marainiya ba alkawari ba ne, kuma ni ban yi wa kowa alkawari ba.

Na bar shi ya je jana'iza, don haƙƙi ne. Na ɗauki shatar mota na jira shi a bakin hanya. Daga maƙabarta bai koma gida ba, Sakkwato muka yi.

Daga asibiti nake rubuta wannan. An yi masa allurar farko, an ba mu kati da ranakun da zai dawo. Likita ya ce tun ranar ya kamata a wanke da sabulu a kawo shi, amma tunda alama ba ta bayyana ba akwai fata, kada dai a tsallake ko allura guda.

Yanzu ku ji ni, mutanen Tozai. Karnukan Malam biyu sun yayyaga gawar dilan nan. A ɗaure su yau, a nisanta yara, a kira likitan dabbobi. Kulu matar Malam da duk wanda ya yi jinyarsa, ku je asibiti ku faɗi gaskiya, su za su san abin yi.

Ku kuma maharba, da ku nake. Ku daina yi wa juna waƙa kan ciwo. Dariyarku mutumin nan ya ji tsoro fiye da mutuwa. In akwai wani a cikinku da ke ɓoye tabo a ƙarƙashin riga, ya ji tsoron Allah ya fito. Matan aure, iyaye, in aka ce muku ƙaya ce, ku ce a kwance tsumman ku gani. Ni ban ce ba.

Malam, na faɗi abin da ka hana a faɗa. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka.

Kafin mu fito daga ofishinsa, likita ya tambayi Sanusi ko wurin yana masa ƙaiƙayi ko zugi, ko yana jin zazzaɓi. Ya ce a'a. Likita ya rubuta. Ni kuwa na tsaya ina kallon bakinsa. Yaron da ya ɓoye mini mako shida, ban san nauyin wannan a'a ɗin ba, kuma an ce sai lokaci ya nuna.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Ɗanjumma, ka yalwata masa kabari, ka sa hannun da ya miƙa saboda ɗana ya zame masa hujja ranar hisabi. Ka ba Kulu da 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu. In kun gama, ku sa Sanusi a addu'a da sunansa. Allah ya sa a'a ɗin nan gaskiya ce.