Tsummokaran Jakar Maigidana

Ni tela ce, kuma ba na shiri da ƙazanta. Shi ya sa na yi shekaru ina hararar jakar aikin maigidana. Tsohuwar jakar tamfol ce da ta yi baƙi ƙirin da mai, kuma kowane ƙarfe da ke cikinta an ɗaura masa wani abu: wannan sifana da jan tsumma, waccan da igiyar roba mai ƙulli biyu, filaya da guntun waya. In za mu yi baƙi daga coci, da ƙafa nake tura ta ƙarƙashin gado.

A masaƙa ya fara aiki, can Kakuri, yana kula da tukunyar tururi. Da aka rage ma'aikata sai ya koma gyaran famfo da haɗa hitar ruwan zafi, muna zaune a Sabon Tasha. Shekarun da sojoji suka koma bariki su ne shekarun da aiki ya buɗe masa. Gini ya tashi a wannan ƙetaren kogi, daga Unguwar Boro har Gonin Gora, kuma duk wanda ya ci zaɓe abu na farko da yake so shi ne ruwan zafi a banɗaki. Mutane suna kiransa Baba, suna cewa hannunsa ba ya barin ɗigo. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne mai suna irin wannan ya riƙa shiga gidajen manya da jaka kamar ta mai bin bola.

Wata Asabar ya tafi jana'iza ƙauye, na samu sarari. Na je wurin wani ɗan Ibo mai sayar da kayan aiki a Kakuri na zaɓo akwatin ƙarfe ja mai hawa uku. Na dawo na zazzage jakar a tsakar gida, na sa almakashi na yanke tsummokaran kaf, na wanke ƙarafan da kananzir har suna ƙyalli, na jera su daga babba zuwa ƙarami. Jakar kuwa na ba mai kwasar shara. Ranar har waƙa nake yi.

Da ya dawo ranar Lahadi na ajiye masa akwatin a gabansa ina jiran yabo. Ya buɗe, ya sa hannu, ya shafa layin farko, ya shafa na biyu. Ya daɗe yana shafawa. Daga nan ya tambayi jakar, na gaya masa inda ta tafi. Ya ce ya gode, ya rufe akwatin. Na ji haushin wannan godiya mara gishiri, har na ƙi yi masa magana wajen cin tuwo.

Ranar Litinin yana da aiki a sabon gidan wani kansila a Unguwar Boro, hita uku zai haɗa. Aiki ne na kwana biyu, amma kafin rana ta yi tsaka sai ga shi ya dawo. Ina kan keken ɗinki ya zauna a benci kusa da ni, ya ajiye akwatin. Ya ce acaɓa ya girgiza kayan sun cakuɗe, ya yi ta lalube a gaban mai gida har mutumin ya tambaye shi ko ba shi da lafiya. An ba shi zuwa Alhamis, in ba haka ba a kira wani. Na ce masa lalube kuma na mene ne, ba lamba ce rubuce a jikin kowace sifana ba?

“Mama,” in ji shi, “shekara biyu ke nan rabona da ganin lambar nan. Ke ma yanzu inuwarki nake gani.”

Ƙafata ta tsaya a kan keken. Ya yi mini bayani a hankali, kamar ni ce mara lafiyar. Jan tsumma shi ne sifanar notin hita, ba don ja ba, don ya fi sauran kaushi. Ƙulli ɗaya rabin inci ne, ƙulli biyu wanda ya fi shi. Wayar da ke jikin filaya tana gaya masa wannan ce mai taɓa kayan masai, kada ta kusanci bututun ruwan sha. Tun da ido ya fara ja da baya yake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓoye ne don ya san garin nan: ranar da aka ji mai haɗa hita ba ya gani, babu wanda zai ƙara kiransa. Ni kuma da almakashina na goge masa rubutun shekara biyu cikin wuni ɗaya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na fashe da kuka. Ya bar ni na yi na ƙoshi, sannan ya ce in na gama akwai ɗinki.

Kwana biyu da rabi muka yi. Da farko ya aike ni Gonin Gora wurin masu faci na bakin titi, in sayo guntun tamfol na babbar mota da tsohon tub na taya. Ya ce akwatin ƙarfe na masu ido ne, kaya suna yawo a ciki. Shi jaka yake so wadda kowane ƙarfe zai tsaya a ɗakinsa ko da acaɓa ya faɗa rami. Bakinta ya zama mai faɗi yadda za ta tsaya buɗe da kanta, gindinta a shimfiɗa roba don ƙasan banɗaki kullum a jiƙe yake. Yana miƙo ƙarfe, ina auna aljihu. Na manyan sifanu a ƙasa don nauyi ya zauna daidai. Na kayan masai a waje, can baya. Na kayan wuta a sama, a lulluɓe da roba kada laima ta shiga. Maimakon tsumma na riƙa ɗinka maɓalli a bakin kowane aljihu, wani ɗaya, wani biyu, wani na ƙarfe, wani na roba. Sau uku yana sa ni in warware ɗinki don yatsa ɗaya tak na bambanci. Ni da nake faɗa wa mata yadda rigarsu za ta zauna, na koma ’yar koyo.

Akwai wani ƙaramin aljihu mai zif da ya dage a kansa. Na fiyus ne. Ashe dokarsa ce tun daga masaƙa: kafin ya taɓa hita sai ya cire fiyus na gidan ya zuge shi a aljihu, don kada wani ya mayar da wuta yana tsakiyar aiki. Da muka gama na ga abu ɗaya ya rage a tabarma, testa, wannan ƙaramin sukudireba mai ’yar fitila da ke kamawa in akwai wuta a waya. Na ce ya manta aljihunsa. Ya ce bai manta ba. A da yakan kai shi dab da ido ya rufe da tafin hannu ya hango jan, amma watannin nan ko wannan ya daina gani. Fiyus da addu'a kawai yake dogara da su. Na ɗauki testan na sa a jakar hannuna.

Ranar Alhamis na ɗaura ɗankwali na rataya tef ɗin awo a wuya na bi shi. Muka ce wa kansila na zo auna labule ne. Falo cike yake da ’yan siyasa, fanka tana juyawa a kansu, don haka aka roƙe shi ya cire fiyus na ɓangaren banɗaki kaɗai. Ya cire, ya zuge.

Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa ganinsa yana aiki ba. Ya durƙusa, ya ajiye jakar a hannun dama, ta buɗe baki ta tsaya. Daga nan bai ƙara juyawa wajenta ba. Hannun hagu yana bin bututu a bango, na dama yana sauka cikin jaka ya fito da abin da ake so, ya yi aiki, ya koma ɗakinsa. Ya naɗa farin tef a bakin bututu, leɓensa yana motsi yana ƙirga zagaye. Ya ɗaure noti, ya tsaya, ya ƙara ɗan kaɗan, ya san ya isa. Ya sa kunne a jikin ƙarfe, ya ce akwai iska a ciki, ya murɗa wani abu sai ga ta tana fita da huci. Na tsaya a bakin ƙofa da tef a hannu, na manta da labulen da na ce zan auna. Wannan mutumin ne nake yi wa faɗa a kan ya zubar da shayi a tebur.

Da aka zo kan waya ya ce in matso da testa. Ya ɗora testa, ya danna babban yatsa a gindinsa.

“Me kika gani?”

Fitilar ta yi ja. Na ce masa ta kama.

Ya janye hannu a hankali, ya zauna a kan dugadugansa. Ashe wayar wannan banɗaki ba ta bi fiyus ɗin da aka nuna masa ba. Bai yi dogon zance ba. Ya tashi ya dafa bango har falo, ya ce wa kansila, ranka ya daɗe, a yi haƙuri da zafi na ɗan lokaci, fiyus duka zai cire. Manyan mutane suka koma fifita da jarida. Ya dawo ya sake ɗora testa, na ce fitila ba ta kama ba. Ko sake tambayata bai yi ba, ya sa yatsunsa a wayar. Wannan ya fi komai girgiza ni.

Kafin yamma ta Juma'a hita uku suna ba da ruwan zafi. Kansila ya sa hannu a ƙarƙashin famfo ya janye da sauri yana dariya. Ya ce wa baƙinsa su zo su ga gwani, mutumin da ko kallon jakarsa ba ya yi. Maigidana ya yi murmushi ya ce sabo ne. A nan take mutum biyu suka ce ya zo gidajensu. Ni kuma dole na auna labulen nan, na ɗinka shi ma.

A bakin titi muna jiran bas na zaro testa na miƙa masa, na ce in mun isa gida zan ƙara masa aljihu, akwai sauran tamfol. Ya lalubo hannuna ya naɗe yatsuna a kansa.

“Wannan ba shi da ɗaki a jakata,” in ji shi. “A taki zai zauna.”

Likita ya gaya mana daga baya cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba. Duk da haka ya ci gaba da aiki wasu shekaru, kuma babu gidan da ya haɗa hita ban je auna labule ba. Yanzu jakar tana rataye a bayan ƙofar ɗakina, kowane ƙarfe a aljihunsa, ban taɓa goge ko ɗaya ba. Testa kuwa yana cikin jakar hannuna, tare da almakashi da tef, har coci nake zuwa da shi.