Tsaga ta Uku a Fishar Abu Nadim

Shagon askina bango ɗaya ne ya raba shi da na Wafik Halwani a unguwar Mina ta Tarabulus, a ƙasar Lebanon. Abu Nadim muke ce masa. Sana'arsa gyaran filiba, injin wasan nan mai rufin gilashi da ƙwallon ƙarfe, wanda a zamanin babu gidan gahawar da ba shi da guda a lungu.

Duk cikin injin, abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne akwatin karɓar tsabar kuɗi, wanda yake kira maƙogwaro. Injinan a jirgin ruwa suke zuwa, wani daga Amurka, wani daga Italiya, kowanne kuɗin ƙasarsu kaɗai ya sani. Ka jefa masa lira, ya tofo maka ita. Wafik zai zare maƙogwaron, ya goge hanyar da magagari, ya matsar da maganaɗisu, ya yi ta gwadawa har injin ya haɗiye lirarmu, ya kuma ƙi murfin kwalbar da 'yan wayo ke daddaƙawa.

Mutum ne marar yawan magana. Magana aikin Samih ce, abokinsa tun suna firamare, wanda ke tuƙa motar shagon yana kuma shiryawa da masu gidajen gahawa. Kullum da hantsi ina jin su ta bango suna cin ful, wato dafaffen wake, a kwano ɗaya.

"Abu Nadim, da ba ni, da yunwa ta kashe ka da sukundireba a hannu."

"Kai kuma da ba ni, da surutu za ka riƙa zubawa a tukunya."

A ƙarshen shekarun tamanin lira ta faɗi warwas, ko ashana ba ta saya. Tsabarta ta ɓace daga hannun mutane. Injinan suka yi shiru, aka lulluɓe su da tsumma, ana ɗora musu tiren kofuna.

Wafik ya shafe sanyin shekarar nan a sunkuye. Abin da ya fito da shi fisha ce ta tagulla, mai siffar tsaba, da tsaga biyu a fuskarta. Mai wasa zai saye ta a hannun mai gidan gahawa ya jefa. Ya kuma ƙera ɗan farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin maƙogwaro, mai haƙora biyu daidai da tsagar. Abin da ya ba shi wahala shi ne farantin ya zauna a kowane irin inji, kuma ya zauna. Ranar da ya gama ya shigo shagona da baƙin mai a goshi, ya sa ni na bar mutum da kumfa a fuska na je na gani.

Burinsa fisha ɗaya ta yi aiki a gari duka. Ya ce zai ba sauran masu gyara zanen.

"Haka kawai, kyauta?" in ji Samih.

"Su ma suna da 'ya'ya."

Samih ya yi dariya, ya sumbace shi a ka, ya ce, "Kai dai waliyyi ne, Allah Ya bar mana kai."

Injinan suka farfaɗo. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Ilham, matar Wafik, aka kai ta Beirut za a yi mata aiki. A gabana Samih ya karɓi makullin shago da zubin da ake ƙera fishar da shi.

"Je ka kula da Ummu Nadim, ɗan'uwa. Ko ka shekara, shago na hannuna."

Bai shekara ba, amma ya daɗe. Da suka dawo, wata ranar Litinin da ba na buɗe shago, ya ce in raka shi gidan gahawar Abu Toni a bakin tashar jiragen ruwa, yana marmarin jin ƙarar inji. Ya ciro fisha daga aljihu ya jefa. Ta faɗo ta ramin ƙasa. Ya goge ta a riga ya sake. Ta sake faɗowa. Sai ya durƙusa ya leƙa bakin injin, ya daɗe bai ɗago ba. Farantin nasa ne, amma haƙoransa uku. A ƙofar injin kuma an sa sabon kwaɗo.

Abu Toni ya taho yana goge hannu. "Abu Nadim! Sannu da jinya. Ya hannun?"

"Wane hannu?"

"Samih ya ce hannunka ya soma rawa, ka ajiye aiki ka bar masa komai. Ya bi gari duk ya canza farantan, ya ce umarninka ne." Ya miƙo sabuwar fisha. Tsaga uku, da sunan Samih a bayanta. Babu inda ake samunta sai wurinsa, babu mai buɗe inji sai shi.

Muka sami Samih a sabon shagon da ya kama a cikin gari. Ya taso da hannu a buɗe zai rungumi Wafik. Wafik ya ajiye fishar a kan tebur.

"Wa ya yanka maka tsaga ta ukun?"

"Zauna mana, a kawo gahawa."

"Ta karkace. Wa ya yanka?"

"Wani maƙeri ne. Abu Nadim, ka ji ni. Kai za ka rabar da abin a titi, ni na tsare mana shi. Kai ka iya ƙarfe, ni na iya mutane. Rabonka yana nan."

"Ina zaune a gefen gadonta kana yi mini waya kana cewa komai lafiya."

"To, ba lafiya ba ne?"

Wafik ya ɗaga hannayensa biyu a gaban fuskar Samih, ya riƙe su cak, ko motsi babu. Sannan ya juya muka fita.

Sauran masu gyara suka zo suna zuga shi ya ƙera irin fishar ya cika gari da ita, a yini ɗaya zai karya Samih. Ya ce wanda zai cutu Abu Toni ne da irinsa, don za a riƙa wasa a injinansu da fishar da ba su suka sayar ba. Ya cire allon shagonsa, ya koma gyaran risho da janareto, bai ƙara taɓa filiba ba. Rabon da Samih ya aiko da shi, ya mayar ko buɗewa bai yi ba. Samih kuwa ya yi arziki. Da yayin filiba ya wuce ya koma injinan wasan bidiyo, daga nan ya shiga harkar gidaje.

Wafik ya rasu da bazara, bayan sallar la'asar, a kan kujerarsa ta ƙofar shago. Wurin zaman makoki sai ga Samih da baƙar kwat. Ya wuce kai tsaye ya zauna a sahun dangi, yana share hawaye, yana gaya wa baƙi cewa shi da mamacin kwano ɗaya suka ci. Ilham ta aiko daga ɓangaren mata aka kira mai zagayawa da gahawa, ta yi masa magana a bakin ƙofa. Mutumin ya dawo da butarsa, ya zuba wa na daman Samih, ya tsallake, ya zuba wa na hagunsa. Samih ya ɗan jima da hannu a miƙe. Ba wanda ya dube shi. Can ya tashi ya fita, aka ci gaba da karatu.