Hannun Glenys a Aljihu

Shekara ashirin da shida Glenys Marchetti ta yi tana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a Melbourne, ba ta da digirin komai. Furofesoshi su yi ta cika allo da lissafi, amma da na'ura ta ƙi, sunanta ake kira.

Abin da take ji da shi wani tebur ne cike da ƙananan madubai. Ɗalibi zai yi ta murza su har sai siririn hasken nan mai ƙarfi na leza ya haɗu ta fuska shida a cikin wata kwalba da aka zuƙe wa iska, maganaɗisu na kewaye da ita. In komai ya yi daidai, ƙwayoyin zarra sai su rage gudu, su yi sanyi ƙarara, su taru su zama ɗan ɗigo mai haske a allon kyamara.

Da can, in ɗalibai sun kasa, takan zagaya ta ɗan taɓa madubi ɗaya, a tashi ana murna. Bana hannunta ya fara rawa, ba ta gaya wa kowa ba. Ga shi shugaban sashe ya ce in 'yan aji uku ba za su iya da kansu ba, a kwashe teburin a koma koyarwa a kwamfuta. Sai ta ƙudura ba za ta ƙara taɓa musu ba, ta cusa hannuwa a aljihu, tsoro fal cikinta.

Ranar Alhamis ɗalibanta biyu, Thuy da Darcy, suka share awa uku suna murzawa. Allo baƙi ƙirin.

"Glenys, don Allah ki ɗan taɓa mana," in ji Darcy. "Yunwa za ta kashe ni."

"Ta kashe ka. Hannun naka na ado ne?"

Thuy ta bar madubai, ta tsuguna tana bin wayoyin da ke kai wa maganaɗisu lantarki.

"Kai Darcy, wa ya jona waɗannan?"

"Ni mana."

"Shi ya sa! Ka sa jar waya a gurbin baƙa, sarkin iyawa."

Ta sauya su. Nan take ɗigon ya fito a tsakiyar allo, fari tas. Darcy ya kurma ihu har 'yan ɗakin gaba suka rugo.

Glenys kuwa, ko sau ɗaya ba ta duba wayoyin ba, madubai take ta harara. Daɗi ya kama ta har hawaye. Ta zaro hannuwan nan masu rawa daga aljihu, ta yi ta tafa su a gaban kowa.