Lalla Batul Mai Na'a-na'a

A cikin tsohon birnin Fas aka haifi Lalla Batul, a nan ta yi aure, a nan kuma mijinta Bushta, mai dakon kaya da alfadari, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Mahjub. Da ta fita takaba sai ta shimfiɗa buhu a bakin wani lungu kusa da marina, ta fara sayar da na'a-na'a da lemon tsami.

Lungun yana da faɗin baki kamar hanya, amma ba ya ɓullewa, bango ne a ƙarshensa. Samarin unguwa sun san haka. In suka hangi baƙuwa ita kaɗai tana waige-waige, sai su ce mata gaba a rufe take, ta biyo ta nan. Wasu shagon darduma suke son jan ta, wasu kuwa Allah kaɗai ya san nufinsu.

Lalla Batul ba ta jin yaren kowa sai nata. Abin da take yi shi ne ta ɗaga murya: "Na'ima! Ina kika tsaya tun ɗazu? Zo nan!" Sai ta kamo hannun baƙuwar ta zaunar da ita kusa da ita, ta ɗora mata ganye a cinya kamar mai taya ta tsinka. Mai bin ta sai ya sulale. Baturiya ce ko 'yar Kasablanka, duk Na'ima ce a wurinta.

Si Larbi mai gidan burodi yakan leƙo ya tsokane ta: "Lalla, wannan kuma a wace ƙasa kika haifo ta?"

"Je ka duba tanderunka, Si Larbi, ina jin ƙauri."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shaguna duk a rufe, ta ga wata doguwar mata 'yar Sanigal, daga cikin masu zuwa ziyara, ta nufo lungun da sauri. Wani namiji na biye da ita, ya riƙe igiyar jakarta yana mata magana ƙasa-ƙasa. Lalla Batul ta kira Na'ima kamar kullum. Sai da matar ta iso sannan Lalla Batul ta ɗaga ido ta ga mai bin nata. Mahjub ne.

Ya saki jakar. Lalla Batul ta bar kayanta a shimfiɗe, ta riƙe hannun matar har ƙofar masaukinta, ta jira aka buɗe aka karɓe ta.

A gida ta same shi zaune. Ta zuba masa kuskus ta ajiye a gabansa.

"Umma, hanya kawai nake nuna mata."

"Wace hanya ce a lungun nan, Mahjub? A bakinsa ka koyi tafiya."

Bai ci ba. Washegari Si Larbi ya tambaye ta wane ɗan iska ne na jiya, don matarsa ta hango su daga saman soro. Ta faɗa masa sunan, ba ta rage murya ba. Kafin la'asar unguwa ta ji. Wasu mata suka ce ta kyauta, wasu suka ce uwa ba ta tona ɗanta a kasuwa, har ƙanwar mijinta ta daina gaishe ta.

Ba a daɗe ba Mahjub ya tafi birnin Tanja, ya samu aikin lodi a tashar jiragen ruwa. Ya yi aure a can, yana da 'ya'ya mata biyu. Yakan zo da babbar salla ya sumbaci kanta, su yi hirar tsadar rago, ya koma.

Yanzu gwiwoyi sun hana ta zaman ƙasa. Si Larbi ya ba ta aron wata tsohuwar kujera, kullum da safe shi yake fito mata da ita.